Kujerar Gefe Ma Wurin Aiki Ce: Lacca Kan Awannin Mai Koyar da Tuƙin Tirela a Amurka

Iyayenmu da ke zaune a gaba, yayyena da ƙannena direbobi, da ku da kuka karɓi takardar koyo kwanan nan kuna jiran a haɗa ku da malami, na san wasunku sun ajiye mota da lodi a kanta suka zo, saboda haka zan shiga magana kai tsaye.

Tambayar da ta tara mu ita ce: idan ɗan koyo ne ke riƙe da sitiyari, kai kuma malami kana kujerar gefe kana kallonsa, wane layi za ka danna a na'urar da ke rubuta awanninka? Amsar ba ta da tsawo. Aiki kake yi, don haka layin aiki za ka danna. Sai dai abin da wannan amsa ke jawowa a cikin yininka da makonka da aljihunka shi ne ke sa mutane da yawa su yi kamar ba su ji ba.

Dokar awannin aiki ta direbobin manyan motoci a ƙasar nan ta samo asali ne tun ƙarshen shekarun 1930. Yau hukumar FMCSA, wadda aka kafa a farkon shekarar 2000 ƙarƙashin ma'aikatar sufuri ta tarayya, ita ke riƙe da ita, kuma tana kashi na 395 na kundin dokokin sufuri. Kowane minti na rayuwar direba, dare da rana, dole ya faɗa cikin ɗaya daga layuka huɗu. Akwai hutu, wanda allo ke nunawa da OFF. Akwai kwanciya a gadon da ke bayan kujeru, wato SB. Akwai tuƙi, D. Sannan akwai aikin da ba tuƙi ba, ON. Babu layi na biyar da aka ware wa mai koyarwa.

Lissafin mai ɗaukar kaya kun san shi. Bayan hutun awa 10 a jere, kana da awa 11 na tuƙi, kuma dole su ƙare cikin awa 14 daga lokacin da ka fara aiki. In ka tara awa 8 kana tuƙi ba ka tsaya ba, sai ka tsaya minti 30. A mako kuwa, awa 60 cikin kwana 7, ko awa 70 cikin kwana 8 ga kamfanin da motocinsa ke fita kullum, kuma hutun awa 34 a jere yana mayar da wannan lissafi sabo. Tsofaffin hannu da ke nan za su tuna cewa kafin Janairun 2004 awa 10 ake tuƙi bayan hutun awa 8, kuma agogon aikin yini yana tsayawa in mutum ya ɗan huta. Agogon awa 14 na yanzu ba ya tsayawa don cin abinci, ko jiran a buɗe maka ƙofa a wurin lodi. Da ya tashi, ya tashi ke nan.

To, me ake nufi da aiki? Sashe na 395.2 ya ce lokacin aiki yana farawa ne daga sa'ar da direba ya soma aiki, ko aka buƙaci ya zauna cikin shirin yin aiki, har zuwa sa'ar da aka sauke masa nauyin aikin gaba ɗaya. Daga nan ya jero abubuwa: jiran a tura ka, duba lafiyar mota, lodi da saukewa ko sa ido a kansu, gyara, zuwa gwajin ƙwaya, da duk wani aiki da kake yi wa kamfani. Har zama a cikin motar ma aiki ne, in ban da hali uku: kana hutawa a motar da ke tsaye, kana hutawa a gado, ko kana cikin wani ɗan rangwame na kujerar gefe da zan zo kansa. Koyarwa kuwa aiki ce da kamfani ya ɗora maka, kuma yana biyanka a kanta. Mutumin da idonsa ke kan madubi, yana cewa "rage gudu, ga kwana", yana lura da tsayin gadar da ke gaba, ba wanda ya sauke masa nauyi.

Dokar lasisi ma ta ƙara ɗaure maganar. Mai takardar koyo, wato CLP, sashe na 383.25 bai yarda ya tuƙa mota a kan titi ba sai da mai cikakken lasisin CDL na ajin motar, yana zaune a kujerar gaba kusa da shi a kowane lokaci, yana kallonsa, yana kula da shi kai tsaye. Ku haɗa waɗannan sassa biyu. Idan littafin awannin malami ya nuna yana gado ko yana hutu a daidai lokacin da littafin ɗan koyo ya nuna tuƙi, ɗayan biyu ne ya faru. Ko dai da gaske ya kwanta, ke nan an bar mai takardar koyo shi kaɗai da mota, an karya dokar lasisi. Ko kuma yana zaune yana aiki ya rubuta hutu, ke nan ya yi ƙarya a littafi. Jami'in da ya tare ku a wurin awon nauyi ba ya buƙatar dogon bincike. Zai buɗe bayanan ku biyun ya jera su, ya ga layukan da idonsa.

Bari mu bi yini guda mu gani. Kun tashi ƙarfe 6:00 na safe a tashar manyan motoci. Ka ba shi tocila, ka bi shi a baya yana zagaya mota, yana duba tayoyi, yana jan igiyoyin iska, yana leƙa ƙarƙashin tirela ya tabbatar ƙugiyar haɗi ta kama, ka sa shi ya danna birki ya kashe inji ku ga ko iska na zuba. Rabin awa ta tafi, ku biyun kuna ON. Ƙarfe 6:30 ya ɗaga mota. Shi yana D, kai kana ON. Daga wannan safiya agogonku ɗaya ne, kuma zai rufe ƙarfe 8:00 na dare. A ce ya tuƙa awa 9, an ɓata awa 3 a wurin sauke kaya, an tsaya salla da cin abinci, kun yi atisayen ja da baya a fili. Ƙarfe 8:00 ya buga, kai ko minti ɗaya ba ka taɓa sitiyari ba, awanninka 11 na tuƙi suna nan cur. Amma ba ka da ikon amfani da ko ɗaya daga cikinsu sai ka huta awa 10. In kuma kai ka karɓi mota da rana don ka nuna masa yadda ake saukowa daga gangare da birkin inji, shi ma da ke zaune yana koyo a ON yake, ba a hutu ba.

Ku ninka wannan yini sau biyar. Awa 14 sau 5 ta ba da awa 70. Ranar Juma'a da dare makonku ya ƙare, mota za ta tsaya awa 34. Wanda ke son ya riƙa tafiya kullum ba tare da wannan tsayuwa ba, sai ya raba 70 gida 8, ya ga abin da ya rage masa: awa 8 da minti 45 a yini, har da duba mota da shan mai. Ma'ana, motar da ake koyarwa a cikinta motar mutum ɗaya ce wajen lissafi, ko da mutum biyu ke ciki. Duk wanda ya ba ta lodin da sai motar direbobi biyu masu karɓa-karɓa za ta iya kaiwa a kan lokaci, ya riga ya yanke cewa wani zai yi ƙarya ko wani zai yi barci.

Akwai wata ƙofa da masu wayo ke nunawa, kuma gaskiya ne tana nan. Dokar awanni tuƙi ta hana bayan awa 14 ko awa 70, ba ta hana aiki ba. Mutum na iya wuce awa 14 yana sauke kaya, matuƙar ba zai hau titi ba sai ya huta. Daga nan sai wani ya ce, to ai malamin da awanninsa suka ƙare zai iya ci gaba da zama a gefe yana ON, in ɗan koyo yana da sauran nasa. A kan takarda wannan lissafi na iya tsayawa. Ni dai ban yarda da shi ba. Amfanin malami a wannan kujera shi ne, in ƙanƙara ta fara zuba, ko hanya ta shiga tsaunuka, ko yaro ya rikice a cunkoson gari, ya ce masa "faka a nan, ba ni". Wanda doka ta hana shi karɓar sitiyari ya rasa rabin abin da ya sa aka zaunar da shi. Ɗaya rabin kuma, wato ido da hankali, gajiya ta riga ta taɓa shi. Wani bincike da aka buga a mujallar Nature a 1997 ya nuna cewa mutumin da ya yi awa 17 bai runtsa ba, saurin hankalinsa yana yin ƙasa kamar na wanda giya ta kai 0.05 a jininsa. Iyakar da doka ta sa wa mai CDL kuwa 0.04 ce. Mu da yawancinmu ba mu taɓa kai kwalba baki ba, bai kamata mu shiga wannan hali ta hanyar rashin barci ba, alhali ran ɗan wani yana hannunmu.

Yanzu ga rangwamen kujerar gefe, wanda a nan ne aka fi zamewa. Tun daga 29 ga Satumban 2020, direba na iya rubuta har awa 3 a matsayin hutu yana zaune a kujerar gefe mota na tafiya, da sharaɗin waɗannan awanni su manne da aƙalla awa 7 a jere a gado, ko gabansu ko bayansu, su haɗu su cika 10. Kafin nan awa 2 ne da awa 8. An yi wannan ne domin direbobi biyu masu karɓa-karɓa, don wanda ya farka kada a tilasta masa kwanciya a bayan labule yana kallon rufi. Ya fito ya zauna, ya sha shayi, ya kira gida. Sharaɗin shi ne yana hutawa. Da zarar ya zama shi ne ke sa ido, shi ne ke faɗin layin da za a bi da mafitar da za a sauka, ya koma aiki. Game da mai takardar koyo kuwa babu ma abin tattaunawa, tunda doka ce da kanta ta ɗora maka sa idon.

Na san wani zai ɗaga hannu ya ce a kamfaninsu malami na kwanciya alhali yaro bai karɓi katin CDL ba. Hakan na faruwa, kuma yana da tushe. A 2015 hukumar ta ba kamfanin C.R. England izini na musamman, daga baya CRST da Prime suka samu irinsa, cewa mai takardar koyo da ya riga ya ci jarrabawar tuƙi, katin kawai ya rage ya koma jiharsu ya karɓa, zai iya tuƙi ba tare da mai lasisi a kujerar gaba ba, muddin mai lasisin yana cikin motar. Ku lura da iyakokin. Izinin na kamfanin da aka ba ne, na ɗan wa'adi ne, kuma na wanda ya ci jarrabawa ne da shaida a hannu. Kai da ke da mota biyu ko uku, ka ɗauko ɗan ƙanwarka kana koya masa, wannan izini bai shafe ka ba. In kuma a babban kamfani kake, ka nemi ganin takardar da idonka kafin ka ja labule.

Sai mataki na biyu, wanda ya fi na farko tsawo, kuma a ganina ya fi shi haɗari. Yaro ya karɓi CDL. A idon dokar tarayya ya zama direba, ba a tilasta kowa ya zauna kusa da shi ba. Horon da aka wajabta wa sababbin direbobi tun 7 ga Fabrairun 2022 ya ƙunshi karatu, wanda sai an ci kashi 80 cikin 100, da tuƙi a fili da kan titi a hannun malamin da ke da aƙalla shekara 2 a sana'ar, amma bai ƙayyade yawan awannin da za a yi a kan sitiyari ba. Mutum na iya fitowa da kati bai taɓa tuƙi cikin dusar ƙanƙara ba, bai taɓa saukowa daga dogon gangare da nauyin fam 80,000 a bayansa ba, bai taɓa shigar da tirela ƙofar lodi mai matsi da dare ba. Shi ya sa kamfanoni ke haɗa shi da malami na wasu makonni. A nan kuma kuɗi ke shigowa. Yawanci da mil ake biya, kuma a wurare da dama mil ɗin da ɗan koyo ya tuƙa ma yana shiga lissafin malami. Motar da ba ta kwana ta fi kawo kuɗi nesa ba kusa ba. Sai ka ga tun makon farko an koma karɓa-karɓa: malami ya tuƙa da rana, ya miƙa wa yaro dare, ya shige gado.

Wannan tsari ba baƙo ba ne a wurinmu. Da yawanmu mun taso mun ga yaron mota yana shekaru yana wanke gilashi da sa waigi, sai can tsakar dare a hanyar da ba kowa maigida ya ce masa "zo ka riƙe", shi kuma ya jingina kai. Ta haka aka samu gwanaye, ba na musu, amma ta haka ma aka rasa mutane. Tsakanin sha biyun dare da shida na safe ne jikin ɗan Adam ya fi neman barci. A ba mafi ƙarancin gogewa mafi munin lokaci, sannan wanda ya kamata ya kula da shi yana minshari a baya, ban san da wane suna za a kira wannan ba, amma ba koyarwa ba ce.

In har kun kai matakin karɓa-karɓa bisa ƙa'ida, SB ɗinka halal ne matuƙar da gaske kake kwance. Amma ka san abin da ke karya shi. Ka shiga gado ƙarfe 10:00 na dare. Ƙarfe 3:00 yaro ya iso wurin sauke kaya, ya kasa shiga da baya, ya tashe ka. Ka sa takalmi ka sauka, ka tsaya a bayan tirela kana yi masa alama da hannu har ya daidaita. Wannan aiki ne, kuma ya yanke hutunka a awa 5. Awa 10 a jere ta rushe. Abin da ya rage maka shi ne tsarin raba hutu gida biyu, inda ɗaya ba ya gaza awa 7 a jere a gado, ɗayan ba ya gaza awa 2, su biyun su kai 10. Awa 5 ɗin nan za ta iya zama ƙaramin kason, amma sai ka sake kwanciya awa 7 cif kafin lissafin ya cika. Wasu malamai ba sa danna komai a irin wannan hali, su koma gado kamar ba su tashi ba. Sai ranar da wani abu ya faru, lauyoyi su nemi hoton kyamarar wurin, a ga mutum tsaye a waje a lokacin da littafinsa ke cewa yana barci.

Tunda na ambaci na'ura, bari in faɗi abu biyu a kanta. Tun 18 ga Disamban 2017 aka wajabta wannan na'ura da ake kira ELD, kuma da mota ta kai gudun mil 5 a awa take fara rubuta tuƙi da kanta, a kan sunan wanda ya shiga a matsayin direba. Kowa ya shiga da sunansa, kuma duk sa'ar da kuka sauya kujera ku sauya a allo kafin taya ta motsa. In an manta, ana iya mayar da lokacin tuƙin ga wanda ya yi shi a tsakanin abokan tafiya biyu, amma sai ku biyun kun amince da gyaran, kuma asalin bayanin ba ya gogewa. Na biyu, kada malami ya taɓa tuƙi da sunan ɗan koyo don awanninsa sun ƙare. Ƙanina, in maigidanka ya ce "bar sunanka a kai, ni zan ja", ka sani duk abin da ya faru a wannan tafiya da sunanka aka rubuta shi. Jami'i na ganin bayanan yau da na kwana 7 da suka wuce, kamfani kuma yana ajiye su wata 6.

Hutun minti 30 bai da wuya. Tun gyaran 2020 duk minti 30 a jere da ba tuƙi ba ya wadatar, ko da shan mai kake yi. Wanda ya tsara tafiyarsa yana iya dacewa da shi a lokacin azahar, ya yi alwala a natse, ya yi salla, ya ci abinci. Ina dai roƙon malamai kada su cika wannan ɗan lokaci da gyare-gyaren kurakuran safe. Sabon direba da ya yi awa huɗu yana damƙe da sitiyari, kafaɗunsa a sandare, ya fi ku gajiya. Ku bar shi ya miƙe ƙafa.

Wani abin da littafi ba ya iya gani shi ne ko mutum ya yi barci a cikin hutunsa. A watan Yunin 2014, a babbar hanyar New Jersey Turnpike, wata tirelar kamfanin Walmart ta afka wa motar da ke ɗauke da ɗan wasan barkwanci Tracy Morgan, abokinsa James McNair ya rasu. Hukumar binciken haɗurra ta NTSB ta gano cewa direban bai kai ƙarshen awa 14 ɗinsa ba, amma ya haura awa 28 bai yi barci ba, domin ya kwana yana tuƙa motarsa ta gida daga Jojiya zuwa Delawe, tafiyar kusan mil 800, kafin ya karɓi aiki. Layukansa na aiki ba su nuna wannan ba. Kai da ke kwana a ɗaki ɗaya da ɗalibinka, kai ne kaɗai ka san ko ya kwana yana waya da mutanen gida, tunda lokacin da dare ya raba a nan, can gari ya waye. Ka tambaye shi da safe, ka kalli idonsa. Sashe na 392.3 ya hana direba tuƙi, ya kuma hana kamfani sa shi tuƙi, in gajiya ko rashin lafiya ta rage masa kuzari har abin ya zama haɗari, ko da awanninsa suna nan cike.

Ku kuma 'yan koyo, na san halin da kuke ciki. Malamin nan shi zai sa hannu a ba ku motarku, wataƙila ma ɗan garinku ne da ya yi muku hanya, kuma an tarbiyyantar da mu ba ma musu da babba. Ba sai kun ɗaga murya ba. "Yaya, idona ya yi nauyi, ba zan iya ba" magana ce ta ladabi, kuma doka tana bayanku. Tun Janairun 2016 akwai dokar da ta haramta wa kamfani, ko mai kaya, ko dillalin lodi, ya matsa wa direba da barazanar kora ko hana aiki don ya karya ƙa'idar awanni, kuma ana kai ƙara ga FMCSA cikin kwana 90. Ku riƙa amsa irin wannan matsi a rubuce ta saƙon na'ura, kada ku tsaya ga waya kawai, don a samu abin nunawa.

Malamai kuma, maganar da ta fi muhimmanci ba a cikin mota ake yin ta ba, da mai raba lodi ake yin ta a ofis, tun kafin ɗan koyo ya jefa jakarsa a gadon sama. Ku gaya masa a fili cewa makonnin farko motarku motar mutum ɗaya ce, ya ba ku lodin da ke da sarari a lokacin isarwa. Ku tambayi yadda za a biya ku awannin da za ku yi a ON ba mil, ku ji amsar tun kuna ƙasa. In lissafin bai fitar da ku ba, ku ce ba za ku karɓi ɗalibi a wannan karon ba, ku ci gaba da tuƙinku ku kaɗai. Yanzu sai a miƙo tambayoyi, kuma wanda ya zo da bayanan makonsa a waya ya matso gaba mu duba su tare.